Baba Mai Makulli da Motar Asibitin da Ta Ƙi Tashi

Kafin masu shagunan layin gareji su ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya share gaban nasa. Shagon ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai faci da mai sayar da baƙin mai. In mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙo wuya. Yakan fara da goge tebur, sannan ya shimfiɗa farin ƙyalle a kai, don a cewarsa abin da ke cikin makullin motar zamani bai kai ƙwayar shinkafa ba, in ya faɗi a kan baƙin katako ya tafi ke nan. Sai ya kunna fitila, ya jona ƙarfen narka dalma, ya jera 'yan baturan nan masu kama da maɓallin riga, ya zauna yana jiran mai zuwa.

Masu zuwa wurinsa a ƙafa suke zuwa, ko a bayan babur, domin motar tana can inda ta ƙi tashi. Sukan zo rai a ɓace, makulli a hannu, wani ya makara wurin aiki, wata ta bar yara a bakin makaranta. Kowa da irin bayaninsa: batir ne, injin ne, bakanike ya cuce ni. Shi kuwa sai ya miƙa hannu ya karɓi makullin ya ce, "Bari mu gani." Daga nan direbobi suka laƙaba masa Baba Bari-Mu-Gani, har wasu ba su san yana da wani suna ba.

Yakan yi wa mutum bayani a taƙaice. Akwai wata 'yar ƙwaya a cikin makullin da ke gaisawa da ƙwaƙwalwar mota. In mota ba ta ji gaisuwar ba, ko za ka wuni kana murɗawa ba za ta tashi ba. "Motarka lafiyarta ƙalau," in ji shi, "gane ka ne ba ta yi ba."

A ƙarshen watan da ya wuce Baba ya rufe shagon nan. Da yankan makullin ƙofa ya fara tun yana saurayi, kuma furfura ta riga ta fito masa lokacin da ya zauna ya koyi aikin na'ura, don ya ga motoci sun canza hali. Ba a yi masa taro ba, ba wanda ya yi jawabi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ni malamin makaranta ne, ban san komai a kan mota ba, amma akwai abin da na gani da idona, akwai kuma wanda maƙwabcinsa mai faci ya ba ni labari.

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Baba makulli zai lura yatsu biyu na hannunsa na dama ba sa lanƙwasawa. Shi ba ya maganar. Mai faci ne ya gaya mini.

Wata rana da azahar wasu mutum uku suka jawo wata babbar mota da igiya zuwa ƙofar shagon. Suka ce makulli ya ɓata, sabo suke so yanzu-yanzu. Baba yana da ƙa'ida: ba ya yi wa mota sabon makulli sai ya tabbatar da mai ita. Ya leƙa ciki ya ga kujerar jariri a baya, da takalmin mace a ƙasan sitiyari. Ya tambayi babbansu, "Motar wa ce?"

"Tawa ce."

"To ina abin buɗe bonet yake?"

Mutumin ya yi ta lalube a ƙasan kujera. Baba ya mayar da kayan aikinsa jaka ya ce, "Ku je ku zo da mai ita."

Suka ce ya faɗi duk abin da yake so. Ya ce ba ya son komai. Babban ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, "Tsoho, ka yi aikinka ka tafi gida lafiya." Mai faci ya ce shi kansa a lokacin yana daga cikin rumfarsa yana yi wa Baba alama da ido ya yi musu kawai. Baba ya ce, "Aikina ke nan nake yi." Ya dafa jikin motar zai juya, ɗaya daga cikinsu ya turo ƙofa da ƙarfi a kan hannunsa.

Ƙarar da ya yi ce ta fito da mutanen layin da sanduna da ƙarafa. Mutanen suka tsallake kwata suka gudu, suka bar motar. Kafin magariba mai ita ta zo tare da 'yan sanda, wata mata ce da aka tare ta da safe aka sauke ta da ɗanta a gefen hanya. Ta sami motarta. Shi kuma Baba ya sami hannun da bai ƙara komawa daidai ba. Da shekaru suka ja, sai hannun ya fara rawa. Yakan ɓoye rawar ta hanyar dafe gwiwar hannu a tebur, kuma abokan cinikinsa ba su lura ba.

Nawa labarin ya zo bayan wannan da daɗewa.

Matata ta haihu kafin lokaci a wani ƙaramin asibiti, sai da aka yi mata aiki. 'Yar da aka ciro bakwaini ce, ba ta fi tafin hannuna biyu ba, kuma numfashinta ba ya tsayawa da kansa. Likita ya ce babu kayan riƙe ta a nan, a kai ta babban asibiti a yau. Aka sa ta a kwalbar jarirai da ke ɗaure a cikin motar asibiti, aka jona mata iska daga wata doguwar tukunya da ke manne a jikin motar. Malamar jinya ta zauna kusa da ita, ni a ƙarshen benci. Matata ba ta iya ko tashi zaune ba, a asibitin muka bar ta. Kafin mu fito ta riƙe bakin rigata ta ce, "Kada ka ɗauke ido daga kanta."

Motar dawowarta ke nan daga wata tafiya, mai ya yi ƙasa. Da muka zo gidan man da ke kallon layin gareji, direba ya ce dole mu tsaya, in ba haka ba a hanya za mu kwana. Murfin tankin da makulli ake buɗe shi, don haka ya kashe mota ya zare makullin. A garin sauri ya suɓuce masa ya bugi siminti. Ya ɗauka ya goge a wando, aka zuba mai, ya shiga ya murɗa.

Injin ya yi gurnani bai kama ba. Ya sake murɗawa. Ya sake. A gaban sitiyari wata 'yar fitila mai siffar makulli tana ta ƙyaftawa.

"Direba, lafiya?" in ji malamar jinya daga baya.

"Yanzu za ta tashi, Sista."

Ba ta tashi ba. Mutane suka taru suka tura ta har ƙarshen filin gidan man, ta yi tsalle ta tsaya. Direba ya kira asibiti, aka ce ɗaya makullin yana wurin ma'aji, ana nemansa, ko an same shi ma kafin a kawo an ɗauki lokaci. Ɗaya motar asibitin kuma ta fita da wani mara lafiya. Wani mai tasi ya buɗe ƙofar motarsa ya ce mu shigo, ba sai mun ba shi komai ba. Sista ta girgiza kai. Tukunyar ba ta cirowa, kwalbar ba ta shiga tasi, kuma jaririyar ba za ta kai ko mahaɗar gaba ba babu iska.

Sai kwalbar ta fara ƙara, alamar ta koma kan ɗan batirinta tunda injin ya mutu. Na ga Sista ta kalli agogon da ke wuyan tukunyar iska, ta kawar da kai da sauri. Na bi inda ta kalla. Allurar ta kusa shiga wurin da aka yi wa jan fenti.

"Sista, za ta kai mu?"

"Ta isa tafiya," in ji ta. "Ba ta isa zama ba."

Mai faci yana cikin waɗanda suka yi turi. Da ya hango fitilar nan mai ƙyaftawa sai ya tsallaka titi a guje. Jim kaɗan sai ga shi da wani dattijo siriri, rataye da jaka, tabarau a goshi. Ranar na fara ganin Baba.

Direba na shirin sake murɗawa, Baba ya riƙe masa hannu. "Bar ta haka, kana kashe batir ne a banza. Makullin ya faɗi?"

"Ɗazu, Baba. A nan."

Wani daga cikin taron ya ce a yanke waya a haɗa kawai, yadda ake yi wa tsofaffin motoci. Baba ko kallonsa bai yi ba ya ce, "In aka taɓa mata waya ta kulle kanta, sai gobe." Ya juya ga mai tasi ya ce ya matso da motarsa hanci da hanci, a jona baturan biyu tun yanzu. Ya sa mai faci ya kawo benci. Ya shimfiɗa farin ƙyallensa, ya ɓare makullin, ya sa gilashi a ido.

Ya duƙufa yana dubawa. Na fito na tsaya a kansa.

"Kai ne uban?"

"Ni ne, Baba."

"Ga matsalar." Ya nuna mini wani ɗan nannaɗin jar waya, siriri kamar gashi. "Ƙafarsa ɗaya ta ɓalle da ya bugu. In na liƙa ta, za ta tashi."

Ya jona ƙarfen dalmarsa a batirin tasi, ya jira ya yi zafi. Babu tebur a nan, sai bencin da ke girgiɗi. Ya dafe gwiwar hannunsa a cinya ya sauko da bakin ƙarfen. A nan na ga hannun yana rawa. Ya ɗaga, ya ja numfashi, ya sake saukowa. Dalma ta ɗiga. Ya hura, ya miƙa wa direba.

Direba ya murɗa. Fitilar ta ci gaba da ƙyaftawa.

Baba ya karɓa ya duba. Dalmar ta zauna a gefe, ba ta kama ƙafar ba. Ya kankare ta a hankali, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Ya ɗauki ƙarfen zai sake, bakin ƙarfen yana kaɗawa fiye da na farko. Ƙarar kwalbar tana ta fitowa daga motar. Kusan duk waɗanda suka kewaye shi direbobi ne da kanikawa, mutanen da ke kawo masa aiki.

Ya ajiye ƙarfen ya ce, "Hannuna ba zai yi ba. In na ƙara kuskurewa na ƙona ta, shi ke nan."

Mai faci ya sunkuyar da kai.

Baba ya miƙe ya je bakin ƙofar motar ya leƙa. Ya kalli 'yar allurar da ke liƙe a bayan hannun jaririyar, hannun da bai kai babban yatsana ba. "'Yata, wa ya sa mata wannan?"

"Ni ce, Baba," in ji Sista.

"To hannunki nake so. Ido da sanin wuri nawa ne, taɓawa ce taki."

"Ban taɓa riƙe abin nan ba. Kuma ba zan bar ta ita kaɗai ba."

"Ga ubanta."

Sista ta kalle ni, ta kalli agogon tukunya. Ta jawo ni ciki ta zaunar da ni a wurinta, ta zura hannuna ta ramin kwalbar. "Kalli ƙirjinta kawai. In ya daina ɗagawa, ka murza mata tafin ƙafa, ka kira ni. Kada ka kalli agogo." Ta fita.

Ban ga abin da suka yi ba, muryarsa kawai nake ji ta ƙofar da ke buɗe, a kwance, kamar mai koya wa jika ɗinki.

"Riƙe shi kamar alƙalami. Yauwa. Ni zan danne wayar da wannan hannun. Kin ga inda take sheƙi? Ba dannawa za ki yi ba, taɓawa. In na ce ɗaga, ki ɗaga."

Wayata ta fara ruri a aljihu. Na san matata ce. Hannuna ɗaya na cikin kwalba, ɗayan na dafe da gilashi, na bar ta ta yi ta ƙara har ta gaji. Ƙirjin yarinyar yana ɗagawa yana sauka, kamar na ɗan tsuntsu. Ya ɗaga, ya sauka. Sai bai ɗago ba.

Na jira. Bai ɗago ba. Na buɗe baki zan kira Sista, sai na ji Baba yana cewa, "Sauko a hankali, kin kusa." Na haɗiye kiran. Na kama 'yar ƙafar da yatsu biyu na murza, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Na sake murzawa. Ta yamutsa fuska, ta ja iska da wata 'yar shessheƙa, ƙirjin ya tashi.

"Ɗaga," in ji Baba a waje.

Sista ta faɗo cikin motar ta ture ni gefe, na gaya mata abin da ya faru, ta duba leɓen yarinyar. Ta tagar da ke tsakaninmu da direba na ga Baba ya naɗe makullin da salatif ya zura da kansa.

"Murɗa rabi ka tsaya. Kada ka tada."

Direba ya murɗa rabi. Fitilar ta kama. Ta ƙyafta sau ɗaya. Duk mun zuba mata ido. Sai ta mutu.

"Yanzu."

Injin ya ja da nauyi, ya sake ja, ya kama. Kwalbar ta yi shiru nan take. Mutane suka ɗauki kabbara da tafi, amma Baba ya riga ya fizge wayoyin batir ya rufe bonet. Ya dafa tagar direba ya ce, "Ko me ya faru kada ka kashe ta sai an sauke yarinyar nan." Ya zagayo ya turo mana ƙofar baya. Ko na gode ban samu na ce masa ba.

Mun isa allura na kwance a cikin ja. Aka karɓe ta a guje. Ta yi makonni a can kafin a ba mu ita.

Da na koma layin gareji neman dattijon, mai faci ya ba ni sauran labarin. Ashe muna tashi Baba ya hau baburinsa da jakarsa ya bi mu a baya har ƙofar babban asibiti, don kada motar ta mutu a hanya a rasa mai taɓa ta. Bai juya ba sai da ya ga an shiga da kwalbar. Washegari ya je ƙaramin asibitin ya yi wa motar sabon makulli, ya ce wa direba ya riƙa yawo da biyu.

Akwai kuma abin da mai faci ya faɗa da ƙaramar murya. Maganar da Baba ya yi a gaban taro ta zaga gareji. Aka fara cewa hannun tsoho ya tafi. Wasu da suka shekara suna kawo masa aiki suka koma wani wuri. Da na tayar wa Baba da zancen, cewa ya yi, "Ai gaskiya suka faɗa. Da na yi shiru na sake gwadawa don kada a ji, wa zai biya kuɗin girman kaina? 'Yarka." Daga nan ya tambaye ni, "Numfashinta fa?" Tun daga ranar, duk inda muka haɗu, da wannan tambayar yake fara gaisuwa.

Baba, kai ne wanda ya ba da yatsunsa don motar matar da bai taɓa gani ba. Kai ne wanda ya tsaya a tsakiyar masu ba shi aiki ya ce ba zan iya ba, a lokacin da wannan kalmar ce kaɗai ta rage tsakanin 'yata da kabari. Gwanaye suna da yawa a layin nan, amma gwanin da zai miƙa wa wani ƙarfensa a bainar jama'a, ya koma mai riƙe waya, ban san na biyunka ba. Dattijon arziki, mai buɗe abin da ya kulle.

A makon jiya na kai yarinyar gidan Baba. Ta shiga makaranta bana, kuma bakinta ba ya hutawa. Mama, matarsa, ta tare mu da ƙorafi: tunda ya daina fita ya ɓare rimot ɗin talabijin, ya ɓare na fanka, yanzu agogon bango yake wa kallon sha'awa. "Ku samo masa ɗalibai, ɗana, kafin ya ɓare ni." Baba yana dariya ya jawo yarinyar ya ce, "To, amarya, numfashin fa?" Ta zaro balan-balan daga aljihu ta hura, ta hura, kumatu kamar za su tsage, har ya fashe a fuskarsa. Ya cire tabarau yana goge ido, ya ce roba ce ta shiga masa.

Na gode, Baba. Matata ta gode. Sista ma, da na gaya mata zan yi wannan rubutu, ta ce in ce maka har yau in za ta sa wa jariri allura tana jin muryarka.

Ku kuma masu sana'a, musamman matasa da ke layin gareji da makamantansa, maganar Mama ba wasa ba ce. Ƙofarsa a buɗe take, idonsa da saninsa suna nan, hannu kawai yake nema. Ku je ku koyi makulli, ku koyi kuma cewa a'a ga ɓarawo, da cewa ban iya ba a lokacin da rai ke jira. Sauranmu kuwa, kowa yana da wani irin Baba a unguwarsa, wanda ya taɓa fitar da shi daga tsaka mai wuya ya koma shagonsa shiru. A je a gaishe su yau, tun suna iya amsawa.